Furfura a Cikin Tawul

"Yana ciki?"

"Yana ciki mana. Ba ka jin tsintsiya?"

"To me yake sharewa? Wata biyar ko gashin kyanwa bai faɗi a shagon nan ba."

"Kai dai rage murya. Ƙofar ƙarfe ce, ba bango ba."

"Ni wallahi tausayi yake ba ni. Jiya na kai masa kaina, na ce Oga dube ni, matata ta ce in ban yi aski ba in nemi wani gidan. Wai hannunsa ke ciwo."

"Hannu? Mutumin da ke ɗaga ƙofar nan shi kaɗai kullum?"

"To ka ji dai. Ga ɗan kuma zai tafi."

"Wa? Dogo?"

"Shi fa. Ya nemi canji zuwa reshen kantinsu na wani gari, an ba shi. Ranar Litinin zai hau mota. Shi ya kawo mini wandunansa in rage masa, duk sun yi masa yawa."

"Uban ya sani?"

"A ina zai sani? Gida ɗaya suke kwana, amma sai ka ce 'yan haya."

Tsintsiyar ta tsaya cak. Mai aski yana tsaye a tsakiyar shagonsa, ƙofa a sauke sai ɗan taƙi guda da ya bari don iska, yana kallon ƙafafun mutanen biyu ta tsagar. Ranar Alhamis ce. Ya ƙirga da yatsa: Juma'a, Asabar, Lahadi. Kwana uku suka rage masa da ɗansa, kuma a bakin titi ya tsinci labarin.

Shekararsa talatin da shida a wannan shago. Ɗaki ne ƙarami: kujera ɗaya mai juyawa wadda ledarta ta tsage aka ɗinke da baƙin zare, bencin masu jiran layi, babban madubi da ya yi tabo a kusurwa, sai kanta mai ɗauke da kilifa uku, almakashi, mataji, burushi, kwalbar sifirit da gwangwanin hoda. Unguwa duka Oga take kiransa, har waɗanda suka girme shi.

Hannunsa mai kyau ne, amma ba hannun kaɗai ke kawo mutane ba. Ya daɗe da lura cewa namiji ba ya iya faɗin abin da ke cinsa yana kallonka ido cikin ido. Amma ka zaunar da shi, ka ɗaura masa ƙyalle a wuya, ka koma bayansa kilifa na ƙugi, sai ka ji baki ya buɗe da kansa. A kujerar nan mutane suka faɗi korar aiki tun kafin matansu su ji. A nan wani ƙaton makanike ya yi hawaye ranar da 'yarsa ta daina ɗaukar wayarsa, Oga ya ce masa, "Gashi ne ya shiga idonka, tsaya in hure," ya hure, aka ci gaba. Ba ya ba da shawara. Nasa dai "uhm", da "to", da "ɗan sunkuya". Abin da aka faɗa a kujera kuwa, tare da gashi yake share shi.

Shi bai taɓa zama a kujerar ba. Kansa ma a tsaye yake aske shi, da madubi biyu. Wurin sauke nasa kayan yana gida.

Ciyaman yake kiran matarsa, tun wata rana da ta tara shi da yara tana karanto musu dokokin gida, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai damar tambaya?" ta ce babu. Ita ke wanke tawul ɗin shago. Kowace yamma ya dawo da su a jaka, ya juye a kwandon da ke bayan ƙofar kicin, ita kuma ta kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya kafin ta jiƙa. Daga gashin da ya maƙale take karanta waɗanda suka zo.

"Yau ɗan sandan nan ya zo."

"Ya aka yi kika sani?"

"Wa ke da gashi kamar wayar burki in ba shi ba? Kuma ka yi wa wani rini. Ka gaya masa bai yaudari kowa ba."

'Ya'yansu biyu. Babbar tana aure a gari mai nisa. Sai Dogo, mai shekara talatin, wanda ke aiki a kantin magani. Tun yana jariri babu hannun da ya taɓa kan Dogo sai na ubansa. Ko lokacin da yake karatu a nesa, da sumarsa yake dawowa hutu, ya ajiye jaka ya wuce shago.

Sai annoba ta zo. Da farko labari ce a rediyo, ana musunta a benci. Kafin a ankara an sa dokar kulle, kuma shagunan aski na cikin na farkon rufewa, tunda babu mai yin aski daga nesa. Aikin Dogo na cikin waɗanda aka bari a buɗe. Shi da kansa ya kwashe kayansa ya koma ɗakin bakin ƙofa, ya ware kofinsa da farantinsa. Daga can yake gaishe su da takunkumi a fuska.

"Mama, kada ki matso. Ki ajiye a nan, zan ɗauka."

"Ni na haife ka, yau kuma ni ake wa iyaka a gidana?"

"Mutum nawa suka yi mini tari a kanti yau, kin sani?"

Oga kuwa zaman gida ya nemi zautar da shi. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya ɗauki almakashi ya daidaita bakin tsintsiya. Da ya fara kallon burushin wanke-wanke, Ciyaman ta ce, "Bawan Allah, ka taɓa shi ka gani."

A mako na biyar wayar Hedimasta ta fara shigowa. Tsohon shugaban makaranta ne mai ritaya, shekara talatin da ɗaya yana zama a kujerar Oga duk bayan mako biyu. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan duk suna nesa, shi kaɗai ne a gida, ga kunnensa ya yi nauyi. A shago, bakin Oga yake kallo ta madubi ya gane abin da ake faɗa. A waya kuwa sai ihu.

"Oga! Na duba madubi yau na ga wani tsoho ya shigo mini gida!"

"Ka yi haƙuri, Malam, an kusa buɗewa."

"Me?"

"An kusa buɗewa!"

"Haka ka ce wancan makon. Ko ɗalibi ne ya faɗi haka sau biyu, na kore shi."

Kira na huɗu babu ihu, babu raha. Tsohon ya ce, "Kwana tara ke nan ban yi magana da mutum ina ganin fuskarsa ba. Ba don gashin ba ne, ka sani." Ya kashe.

Washegari da hantsi Oga ya ɗauki ƙaramar jaka. Ya ce wa Ciyaman zai je ya duba kwaɗon shago, an ce ana fasa wurare. Ta ce ya sa takunkumi, kada ya tsaya surutu.

Ya yi niyyar kiyayewa, kuma ya fara da kyau. Ya sa safar hannu, ya fitar da kujera baranda, ya jingina madubin bango a kan taga, ya goge komai da sifirit. Su biyun da takunkumi. Ya gama kai lafiya lau. Amma gemu ba ya askuwa a cikin ƙyalle, dole Hedimasta ya sauke nasa. Tsohon ya fara zuba kamar famfon da aka daɗe da toshewa: jikokinsa, ciwon gwiwa, mafarkin matarsa da yake ta yi. Oga yana cewa "uhm", tsohon ba ya ji, ba ya kuma ganin baki.

"Kana jina kuwa? Sai ka ce da katifa nake magana."

Daidai nan gashi ya cushe bakin kilifa. Hannun da ya shekara talatin da shida yana abu ɗaya bai yi shawara da kowa ba: ya ja takunkumin ƙasa, ya hure kilifar, ya sunkuya ya hure wuyan tsohon. Fuskar Hedimasta ta washe a madubi.

"Yauwa! Ga Ogan da na sani."

Da ya ga wannan murmushin sai ya kasa mayar da takunkumin. Minti goma ne, ko sha biyar. Tsohon ya yi tari sau biyu, ya ce gashi ne ya shiga maƙogwaronsa. Oga ya goge masa fuska da tawul, ya shafa masa hoda, ya naɗe kayansa.

A gida ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya cire riga ya shanya a rana, ya sake bin kilifa da sifirit. Tawul ɗin kuwa, ko tunaninsa bai yi ba. Yana wucewa ta ƙofar kicin hannunsa ya jefa shi a kwando, kamar kullum.

Da la'asar yana kwance a falo ya ji ƙarar kakkaɓa. Fat. Fat. Ya zabura ya fito. Tana tsaye da tawul a hannu, farin gashi yana sauka a hankali a kan zanenta. Ta ɗauki sili ɗaya ta ɗaga shi a haske.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe kwaɗon shago ya yi furfura."

"Ciyaman, bari in…"

"Ya jikin Hedimasta?"

"Kaɗaici ne ke damunsa."

Ta dube shi ta daɗe. Ta girgiza kai, ta yi 'yar dariya ta hanci, ta tsoma tawul a ruwa. "Kai dai ba za ka canza ba. Kada Dogo ya ji, zai cinye mu ɗanye."

Kwana huɗu bayan nan motar asibiti ta ɗauki Hedimasta, bai dawo ba. Oga ya yi zazzaɓin kwana biyu, ya daina jin ƙanshin sabulu, ya warke. Ita kuwa da ta kwanta sai abin ya sauka a ƙirji. Ranar da ta kasa ƙarasa jimla ba tare da ta huta ba, Dogo ya kira mota. Masu fararen kaya suka fito da ita. A bakin ƙofa ta ɗaga yatsa ta nuna igiyar shanya.

"A kwashe. Hadari."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ya ji daga bakinta ba ta waya ba.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a wurin killacewa. Wata nas ke kara mata waya a kunne sau ɗaya a rana. Oga, wanda unguwa duka ta yi wa shaidar iya sauraro, sai ya koma mai surutu: ya gaya mata ya dafa shayi bai ƙone ba, ya ce tsintsiya ta warke daga askin da ya yi mata. Yana jin numfashinta kamar ana jan buhu a kan siminti. Kullum da niyyar neman gafara yake kira, kullum sai nas ta ce, "Baba, ta gaji," ya ce to, gobe. Rana ta sha biyu nas ɗin ce ta kira shi.

Ba su taɓa gawarta ba. Daga nesa suka tsaya, bayan igiyar da aka ja, baƙi masu rufaffiyar fuska suka yi komai. Tsakaninsa da Dogo taku huɗu ne. Ya so ya dafa kafaɗar yaron, ya dubi hannunsa, ya mayar aljihu. Ta'aziyya duk ta waya aka yi, kowa da tambaya ɗaya a ƙarshe: "To ita da ba ta fita, a ina ta samo?" Yakan ce Allah ne masani.

Kowa da yadda ya riƙe kansa a watannin da suka biyo. Babbar 'yar ta koma aiko da saƙon murya, biyar, shida a rana: "Baba ka ci abinci? Baba ka ɗauki hoton farantin in gani." Wani lokaci saƙon babu magana, sai shessheƙa da kukan jaririnta, sai kuma ta goge. Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya ɗinka takunkumi har ya rasa wanda zai ba, ya ci gaba da ɗinkawa, ya ce in keken ya tsaya tunani ke tashi. Dogo ya karɓi aikin safe da na yamma. An daina killace kowa a gidan, amma bai bar ɗakin bakin ƙofa ba. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su. "Ina kwana Baba." "Lafiya lau." Sumarsa ta taru, gemu ya cika har takunkumi ba ya zama daidai. Bai je wurin wani mai aski ba, bai kuma nemi uban ya aske shi ba. Oga yana ganin kan nan kullum kamar takardar sammaci.

Da aka sassauta doka ya koma shago da niyyar aiki. Mutum na farko ya zauna, ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna kilifa. Ya kasa ɗora ta a kan, ya tsaya riƙe da ita har sai da mutumin ya juyo. Ya ce hannunsa ke ciwo, ya ba shi haƙuri. Tun ranar yake zuwa da safe, ya sauke ƙofa a bayansa, ya share ƙasa mai tsabta, ya ɗiga wa kilifa mai, ya jera su. Gida ba ya zaunuwa, domin kwandon nan yana bayan ƙofar kicin, ya kasa ɗauke shi, ya kasa kallonsa.

Rediyo yake kunnawa. Akwai wata likita da ke shiri kan damuwa a lokacin annoba. Ta ce a ja numfashi a ƙirga huɗu, ya ja. Ta ce a riƙa tafiya da ƙafa, ya zaga unguwa har takalminsa ya cinye. Ta ce a rage sauraron adadin mamata, wannan ya gagare shi. Ta ce babba a cikinsu shi ne mutum ya samu wanda zai gaya wa abin da ke ransa, ta ba da lamba. Sati biyu lambar tana rubuce a kan gwangwanin hoda kafin ya kira.

"Barka da rana, ina sauraronka," in ji wata murya ta mace.

"Barka kadai, 'yata. Ya aiki?"

"Lafiya lau, Baba. Me ke damunka?"

"Muryarki ta dushe. Tun yaushe kike kan wayar nan?"

Ta ce tun safe. Ya ce uhm. Ta ce jiya ma haka. Ya ce to. Kafin minti goma ya san mahaifiyarta na asibiti, ya san wata uku rabon da ta rungumi ɗanta. Ta gode masa ƙwarai, ta ce ya sake kira. Ya ajiye wayar ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ta ƙare ya kifa kai a kan kanta.

Ranar Alhamis ɗin nan, bayan ƙafafun mutanen biyu sun wuce, bai ƙara ɗaga tsintsiya ba. Ya zauna a benci yana jera magana. Zai ce, Dogo zo mu zauna. A falo? Fuska da fuska? Ya gwada wa madubi, bakin ya ƙi. In ya faɗa, yaron zai tafi yana ƙinsa. In bai faɗa ba, zai tafi duk da haka, da ƙarya a tsakaninsu, kuma irin wannan tafiyar ba a cika dawowa daga ita ba.

Wajen azahar aka buga ƙofa. Takalman da ya gani ta tsagar ya san su.

"Baba, ni ne."

Ya ɗaga ƙofar. Dogo ya sunkuyo ya shigo, ya dubi shagon da ke ƙyalli, kilifa a jere kamar sojoji. Bai gaishe shi ba. Ya wuce ya zauna a kujera, ya cire takunkumi, ya zuba wa madubi ido.

"Hoto za a ɗauke ni gobe. Na katin aiki. An mayar da ni wani reshe."

"Na ji."

"A wurin wa?"

"Ƙofar ƙarfe ce, ba bango ba."

Dogo ya ɗan motsa baki kamar zai yi murmushi, bai yi ba. "Sun ce ba za su ɗauke ni haka ba."

"Akwai shago a bakin kasuwa. Yaran sun iya."

"Ban san hanyar ba."

Oga ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ya sa takunkumi, ya ɗaure shi tam. Ya yarfa ƙyalle ya zagaya wuyan, ya ga wuyan ya rame har sai da ya ƙara ninki kafin ya ɗaure. Ya kunna kilifa. Ya dafa kan da ɗaya hannun, sai tafinsa ya gane wurin: ga ɗan tudun ƙeya, ga tabon faɗuwa daga keke. Ya fara daga dama. Gashi ya soma zuba a ƙasar da ta yi wata biyar ba ta ga gashi ba.

"Ɗan sunkuya."

Dogo ya sunkuya. Yanzu babu ido ko a madubi, sai ƙeya. Oga ya ji abin da ɗaruruwan mutane suka ji a ɗakin nan, sai dai shi a tsaye abin ya same shi. Bakinsa ya buɗe.

"Ba kwaɗo na je dubawa ba ranar nan. Gidan Hedimasta na je. Na yi masa aski."

Kilifa na ƙugi.

"Na sauke takunkumi. Na hure masa wuya. Na dawo da tawul na jefa a kwando, ta kakkaɓe shi a fuskarta. Ni na kawo mata, Dogo. Kai kana can kana cin abinci a bakin ƙofa kamar baƙo don ka tsare ta, ni na ɗauko na kai mata har kicin."

Ya kashe kilifar, domin ya daina ganin abin da yake yi. Ya ja baya ya jingina da bango. Rabin kan a aske, rabin suma.

Dogo bai ɗago ba. Da ya yi magana, da ƙasa yake yi.

"Na sani."

"Ka…"

"Rana ta uku a asibiti ta gaya mini. Ta ce, ubanka zai ɗora wa kansa, ka sa masa ido. Ta ce kada in nuna na sani, wai kunya za ta kashe ka kafin cutar." Ya ja hanci. "Na ce mata to. Ban sa maka ido ba, Baba. Ko kallonka ban iya yi. Kullum ina jira ka faɗa da bakinka, kullum sai ka ce mini lafiya lau."

"Ka yi fushi."

"Har yanzu ina yi."

"Ka yi. Hakkinka ne."

"Ba ka gane ba." Ya ɗago, idanunsu suka haɗu a madubi, jajur duka. "Kwana biyu kafin ka je can, na dawo da ciwon kai. Ta shigo ɗakina ina barci ta taɓa mini goshi. Na farka na ga hannunta, na yi mata tsawa. Tsawa, Baba. Washegari na ji garau, ban yi gwaji ba, ban gaya wa kowa ba. In na yi fushi da kai sai in samu barci. In fushin ya sauka, sai in tuna hannun nan."

A waje keken tela yana ta sukuwa. Wata mota ta wuce tana sanarwar a wanke hannu.

"To wanne ne?" Oga ya tambaya, muryarsa kamar ta yaro.

"Na tambayi likitoci uku, ban ce ni ba ne. Duk sun ce babu mai iya sani. Ba yau ba, ba gobe ba."

Oga ya so a ce wannan ya sauke masa wani abu. Bai sauke ba. Da yana ɗauke da nasa shi kaɗai, yanzu ya ga yaron ma da nasa, wata biyar, ɗaki biyu tsakaninsu. Ita kuma ta san duka biyun, ta kwashe su ta tafi da su tana maganar shanya.

"Ban nemi gafararta ba," ya ce. "Kwana sha ɗaya ina ba ta labarin tsintsiya."

"Ta gaya mini. Ta ce ka ƙona shayin, ƙarya kake."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Oga, shi kansa bai san dariya ba ce ko kuka. Ya zame ya zauna a benci, kilifa a cinya, kafaɗunsa na girgiza. Dogo ya bar shi. Bai juyo ba, ɗan mai aski ne. Sai da numfashin ya daidaita.

"Litinin ɗin tana nan?" in ji Oga.

"Na riga na sa hannu."

"To."

"Ban ce ba zan dawo ba. Gashi ai fitowa yake yi."

Oga ya gyaɗa kai, amma bai tashi ba. Yana kallon hannuwansa kamar na aro. Dogo ya dubi kansa a madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyalle ya goge ido, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai ya ba uban ƙeya.

"Baba, tashi ka ƙarasa mini, kada ka bar ni da rabin kai. Kuma ka gaya mini abin da ta ce da ta ga tawul ɗin. Ka faɗa yadda ta faɗa, da muryarta."